Shatin Ruwa a Gindin Bango

Sharaɗi ɗaya tsohon magini ya gindaya masa, bai ko ɗaga murya ba.

"Ka nuna mini inda za ka ajiye mini 'ya. In na gani da idona, sai mu yi magana."

Yau wata biyu ke nan, Mai Walda bai koma ba.

Ba wai gidan ne babu ba. Gidan yana nan, ɗaki huɗu da tsakar gida, a ƙarshen wani layi mai gangara bayan makarantar da Malama, 'yar maginin, take koyarwa. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana ƙera wa mutane ƙofofi da tagogi, ya kafa, ya miƙa mukulli, ya juya ya koma ɗakinsa na haya. A bakin shago, tsakanin wannan aiki da wancan, yakan saurari masu bayani a waya kan yadda mai ƙaramin ƙarfi yake fara harkar gidaje: ka sayi tsoho mai sauƙin kuɗi, ka gyara, ka zauna a ɓangare ɗaya, ka zuba 'yan haya a ɗayan, in Allah ya buɗa sai ka nemi na biyu. Maganar ta zauna masa a rai. Ya tattara duk abin da ya mallaka, har babur ɗinsa, ya saya.

Ranar da ya je duba gidan, ya duba shi ne irin duban mai walda. Ya ƙwanƙwasa ƙofofi ya ji nauyinsu. Ya jijjiga ƙarafan taga. Ya hau tsani ya bi kwanon rufi ƙusa bayan ƙusa. Takardu ma bai yi wasa da su ba, sai da lauya ya karanta. Abin da bai yi ba shi ne ya sunkuya ya kalli ƙasa. Rani ne, ƙasa a bushe ƙamas, bango kuwa sanye da sabon fenti ruwan madara.

Da gidan ya zama nasa, sati guda ya yi yana ƙera masa ƙofar waje wadda babu irinta a layin. Duk abin da ke motsi ya ɗaure shi. Har wani rami da ya gani a gindin bangon baya, mai faɗin kan mutum, ya yanko farantin ƙarfe ya toshe shi tam saboda ɓeraye. Shi dama bai iya ganin rami ya wuce ba.

Sai ruwan farko ya sauka.

Da safe ya tarar tsakar gidan ta zama tafki, takalmansa na aiki suna yawo a kai. Ruwa ya shiga ɗakunan baya guda biyu. Da ruwan ya janye bayan kwana biyu, fentin ya kumbura ya fara ɓarewa, tsohon bango ya leƙo daga ƙarƙashi. A jikinsa akwai shatin ruwa, ba ɗaya ba, layi a kan layi, mafi tsawo ya kusa kai gwiwa. Kowace damina ta bar sa hannunta.

Ya daɗe a tsugune. Ya san in tsohon magini ya shigo gidan nan, ko kallon ƙofar ba zai yi ba. Mutumin da ya shekara arba'in yana aza bulo, gindin bango yake fara dubawa.

Dillalin da ya sayar masa da gidan ba bare ba ne. Ɗan yayar mahaifiyar Malama ne, kuma Malama da kanta ta haɗa su, tana murna Yayanta zai yi masa sauƙi. A lokacin babu wanda ya san shi ma da magana a bakinsa. Sai da ciniki ya faɗa da sati uku ya tura mahaifiyarsa wajen ƙanwarta a kan yana son Auta, kamar yadda ake kiran Malama a gida. Tun daga ranar Mama, mahaifiyar Malama, ta daina amsa gaisuwar Mai Walda da baki, sai dai da ka.

Ran nan da hantsi Dillali ya zo shagon cikin fararen kaya, ya tsaya nesa da tartsatsi. Bai musa komai ba. Ya ce ba shi ya shafa fentin ba, mai gidan ne, shi dai ya nuna, aka gani, aka saya. Ya ce kowa a harkar nan da irin wannan yake buɗe ido, a ɗauke shi kuɗin makaranta. Sannan ya matso ya sassauta murya.

"Ni ba maƙiyinka ba ne, Malam. Akwai wata tsohuwar nas da ta yi ritaya, tana neman gida marar matakala saboda ciwon gwiwa. Ruwa ya ɗan ɗauke, zai yi sati biyu bai dawo ba. Gwangwanin fenti biyu ya ishe ka. Ka cire kuɗinka, ka nemi wani a kan tudu."

"Ita kuma fa?"

"Ita ma ta buɗe ido."

Bayan tafiyarsa Mai Walda ya kashe inji ya zauna a kan benci. Ba sai an yi masa fashin baƙi ba. In ya ƙi, ya zauna da tafkinsa, Dillali ya ɗauki Auta. In ya yarda, Dillali ya ci la'ada sau biyu a gida ɗaya, ya kuma riƙe wani labari a aljihu wanda zai iya cirowa duk ranar da ya ga dama. Ya ga tarkon sarai. Abin da ya ba shi tsoro shi ne, duk da ya gani, zuciyarsa ba ta daina leƙawa ciki ba.

Malama ta zo gidan washegari bayan an tashi daga makaranta, farin alli a hannun rigarta. Ta bar ƙofar waje a buɗe, ta tsaya a tsakar gida. Ya nuna mata bangon, bai ɓoye ko layi ɗaya ba.

Ta duba, ta yi ɗan murmushin da bai kai ido ba.

"Injiniya, ashe gonar kifi ka saya mana."

Bai iya yin dariya ba. Ita ma sai fuskarta ta koma. Ta ce Mama ta riga ta ba mutanen Yaya baki, za su zo Asabar ɗin ƙarshen wata. Baba kuma ya ce shi magana ɗaya ya yi: in har ranar mai walda bai nuna masa gida ba, ba shi da abin da zai riƙe ya tare kowa.

Sai ya faɗa mata shawarar Dillali. Ya faɗa ne yana jiran ta yi salati, ta tofar da maganar, shi ma ya samu abin jingina. Ta murza zoben azurfar da ke ɗan yatsanta.

"Ka sayar," ta ce.

"Malama, kin ji abin da kika faɗa?"

"Na ji. Ni ce kullum nake tsayawa gaban yara ina cewa kada su yi ƙarya, na san nauyin abin da ya fito daga bakina." Hawaye ya riga ya zubo, ba ta share ba. "Shekara uku nake jiranka. A gida ko cokali na ajiye da ƙarfi, sai Mama ta ce mai walda ne ya sa. Na gaji da cin abinci a ɗaki ni kaɗai. Kai ma ba haka aka yi maka ba? Wa ya tsaya ya ji tausayinka?"

"Babu."

"To?"

"Shi ya sa na san yadda safiyar take, in mutum ya buɗe ƙofa ya ga abin da ya saya."

Ta ce ba ta ce ya yi ƙarya ba, in matar ba ta tambaya ba, kada ya faɗa, shi ke nan. Ya ce fentin ne zai yi ƙaryar, shi hannu kawai zai ara masa. Ta ce wannan irin lissafin nasa ne ya sa har yau ba su yi aure ba, komai sai ya juya shi sau bakwai kamar ƙarfen da ya ƙi miƙewa. Ya ce ai ta san haka yake tun farko. Ta ce ta sani, kuma don haka ta so shi, amma yau ba ta da ƙarfin son wannan halin.

Ta jingina da bangon, muryarta ta yi ƙasa.

"Ni na haɗa ka da shi. Ni na kama hannunka na jefa ka a ramin nan. Kullum da abin nake kwana. Ka bar ni in ɗauki rabin zunubin, ba zan taɓa yi maka gori ba."

"Ba a raba shi haka, Malama."

"To ka faɗa mini yanzu. In tsohuwar da ba ka taɓa gani ba ta fi ni a wajenka, ka faɗa, in koma gida in ce wa Mama ta yi gaskiya."

Ya juya ya kalli bangon. Ta ja mayafinta ta fita, yana jin sheshsheƙarta har ta sha kwana.

Da yamma ya sayo fentin.

Kwana biyu ya yi yana shafawa. Hannunsa bai yi gardama ba, abin da ya fi damunsa ke nan. Ya zaci duk wanda zai yi irin wannan aiki sai hannunsa ya yi rawa, ashe buroshi tafiyarsa yake yi lafiya lau, ko na gaskiya ne ko na rufi. Yana shafawa yana shari'a da kansa. Wanda ya cuce shi, wataƙila shi ma cutarsa aka yi, haka gidan yake ta wucewa daga hannu zuwa hannu, kowa ya ƙara nasa fentin. In ya tsaya, asarar ta tsaya a kansa shi kaɗai, alhali ba shi ya fara ba. Ina adalci a nan? A ƙarshe ya samo wa kansa wata 'yar mafaka: in ta tambaya game da ruwa, zai faɗi gaskiya. In ba ta tambaya ba, to Allah ne bai sa ta tambaya ba.

Tsohuwar nas ta zo ranar Lahadi da la'asar, tana dogara sanda, Dillali yana gaba yana buɗe mata hanya. A bakin ƙofa ta tsaya ta shafa ƙarfen, ta tambayi wanda ya ƙera. Da aka ce ga shi nan, ta ce aikin mai tsoron Allah ne, ko ina an cike shi.

Ta zaga gidan a hankali. Ta buɗe tagogi ta ji inda iska take shigowa. Ta leƙa banɗaki ta auna faɗin ƙofarsa da sandarta. Ta tambayi wuta, ta tambayi maƙwabta, ta tambayi nisan kasuwa. Mai Walda yana biye da ita yana jiran tambaya ɗaya, ba ta zo ba. Sai ya gane duban nas take yi wa gidan, haske da iska da tsafta, kamar yadda shi ya yi masa duban mai walda. Kowa inda sana'arsa ta koya masa yake kallo.

A ɗakin baya na hagu, wanda ruwa ya fi shiga, ta tsaya ta yi ajiyar zuciya.

"Nan zan zauna. Rana tana shigowa da safe. Shekara talatin ina tsaye a kan marasa lafiya, yanzu ko gado ba na iya hawa. Katifa zan shimfiɗa a ƙasa, nan jikin bangon."

Dillali ya ce ai ta iya zaɓe.

Mai Walda ya ji mukullin gidan a tafin hannunsa. Bai san sanda ya tsuguna ba.

"Mama, ki ɗan matso ki ga wani abu."

Ya sa bakin mukullin ya kankare fentin, daga ƙasa zuwa gwiwa. Sabon ya fita, na ƙarƙashinsa ya biyo, layukan suka bayyana ɗaya bayan ɗaya. Ya ce mata nan ruwa yake kaiwa da damina, kuma katifar da take magana a kai za ta yi iyo.

Tsohuwar ta daɗe tana kallo. Ta tambayi wanda ya shafa fentin.

"Na ƙasan, wanda ya sayar mini. Na saman, ni ne, shekaranjiya."

Ta dube shi ta saman tabarau, irin kallon da ake yi wa majinyacin da ya ɓoye ciwo sai da ya ci ƙarfinsa.

"To, ɗana, ka yi asarar fenti."

Ta juya da sandarta. Dillali ya tsaya a bakin ƙofa yana kaɗe hularsa, ya ce masa in ba shi da aiki ranar Asabar ya leƙo gidan su Auta, ba za a rasa abin taɓawa ba.

Ya aika wa Malama saƙo, ya faɗa mata abin da ya yi. Ta karanta, ba ta amsa ba. Litinin ta wuce, Talata ta wuce, Laraba ma haka. A shago sau biyu yana ƙona yatsa, abin da rabonsa da shi tun yana koyon aiki. Wani lokaci ya ji ransa wasai, wani lokaci ya ji kamar ya sayar da macen da ta jira shi shekara uku don kawai ya ji daɗin kansa. Bai san wanne ne gaskiya ba.

Ranar Alhamis da azahar ruwa ya dawo, tun kafin lokacin da Dillali ya ɗibar masa. Mai Walda yana tsakar gidan da bokiti, yana kwasa yana watsawa waje, aka buga ƙofa.

Tsohon magini ne, wando a naɗe har gwiwa. Malama tana bayansa ta riƙe masa lema, idonta a ƙasa.

Mai Walda ya durƙusa cikin ruwan zai gaishe shi, tsohon ya ce ya tashi kada ya nutse. Ya ce wata tsohuwar nas ce ta zo ta same shi a gida, tana roƙon ya raka ta duban wani gida, don ta ce ba za ta sake zuwa da idonta kaɗai ba. Ita ta ba shi labarin wani mai walda da ya shafa fenti ya kuma kankare da hannunsa.

Ko kallon ƙofar bai yi ba. Ya tsinko ganye ɗaya daga bishiyar maƙwabta da ta leƙo ta katanga, ya ajiye a kan ruwan, ya harɗe hannu a baya. Ganyen ya yi ɗan juyi, ya kama hanya. Tsohon ya bi shi taku bayan taku, su ma suka bi bayansa, har gindin bangon baya. Nan ganyen ya tsaya yana zagaye a gaban farantin ƙarfe.

"Wane mai hikimar ne ya yi wannan?"

"Ni ne, Baba. Saboda ɓeraye."

"Magudanar gidan ka toshe. To ɓeraye kam sun bar ka, sai dai in sun samu kwalekwale."

Mai Walda ya ji kunya ta rufe shi har wuya. Ya ɗauko guduma da kurfi, ya shiga dukan aikin da ya yi da kyau fiye da kima. Sai da ya jiƙe sharkaf farantin ya saki. Ruwan ya yi wata ƙara ya fara zurarewa waje, ganyen ne ya fara fita.

Tsohon ya ce kada ya yi saurin murna. Tsofaffin layukan nan ba farantinsa ya zana su ba, gidan a ƙasa yake. Sai an yi ciko, an ɗaga daɓen ɗakunan baya, an haƙa kwata har bakin titi. Zai ci shi damina biyu, kuma kafin nan kada ya kuskura ya sa ɗan haya ko ɗaya. An cuce shi, shi ma ya ƙara da nasa.

Suka shiga ɗakin baya. Tsohon ya tsaya gaban inda aka kankare.

"Na ce ka nuna mini inda za ka ajiye ta. Na gani. Ba zan sa 'yata a gidan nan bana ba."

Lemar da ke hannun Malama ta karkace. Mai Walda ya ce ya fahimta.

Tsohon ya sa babban yatsa ya bi sawun mukullin a hankali.

"Shekara arba'in ina gini, na ga masu shafawa ba iyaka. Ni ma na taɓa shafawa sau ɗaya, mai gida ya sa ni, ina da ƙananan yara a lokacin. Har yau ba na bin layin nan." Ya sauke hannu. "Auta ce ta ce ka shafa. Da bakinta ta faɗa mini jiya, tana kuka. Yanzu ni ban ma san wa zan tsare daga wa ba."

Ya ce Asabar baƙi za su zo, uwarta ta riga ta ba da baki, amma amsa a bakinsa take ba a bakin kowa ba. Shi kuma Mai Walda, Asabar ɗin da sassafe ya nemo ƙasar ciko da shebur biyu.

"Biyu, Baba?"

"Da hannu kake so in haƙa?"

"Baƙin fa?"

"In sun zo ba su same ni ba, a ce musu ina aiki a gidan da ɗansu ya sayar. Ai ya san hanya."

Ya fita tsakar gida duban ruwansa. Malama ta tsaya a bakin ɗakin, sai yanzu ta ɗago. Idonta ya kumbura.

"Injiniya, ka yafe mini."

"Ni na riƙe buroshin, Malama."

"Damina biyu fa ya ce."

"Kin gaji?"

Ta buɗe baki za ta amsa, wayarta ta yi ƙara a cikin jaka. Ta ciro, ta duba. Ta ce Mama ce.

Tsohon bai juyo ba, yana sunkuye a bakin magudana yana zaro wata leda da ta maƙale.

"Ɗauka mana. Ki ce mata muna gidan suruk..." Ya yi tari, ya miƙe yana yarfe hannu. "Ki ce muna gidan mai walda. Sauran ni zan faɗa mata da bakina."